Ninki Uku a Jelar Bel

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Na ji ɗayanku jiya yana faɗa wa abokinsa wai aikin kushin ba komai ba ne, soso ne da gam da bindigar ƙusa. Kunnena bai mutu ba tukuna. To ku matso in ba ku labarin aiki guda da na yi a warshar nan, shagon aikinmu na Ka'akiyya a Makka, wanda har gobe in na tuna shi kaina ɗaurewa yake.

Kujerar farko da na taɓa a ƙasar nan ta wata tsohuwar bas ce, a warshar Usta Salim, wani Bayamane mai gajeren haƙuri. Na zo daga Katsina ina ganin na iya ɗinki. Shekara biyu cur bai bar ni na hau keke ba, sai cire tsofaffin ƙusoshi da goge gam. Ranar da ya zaunar da ni a kan keken kuwa, ba rigar kujera ya ba ni ba, bel ɗin ɗaure fasinja ya miƙo mini. Ya nuna mini yadda ake gama jelarsa: ka ninka bakin sau uku, ka bi shi da ɗinki kusurwa huɗu, ka gicciye tsakiya, don kada ya tsefe, kada kuma ya zare daga maɗaurinsa. In ka bar jela tsirara, sai ya kama bel ɗin ya fizge shi fit, ya buga a kan tebur, ya kira maka kakanninka da Larabci. Wata uku ina ninke jela kawai. Abin ya shiga hannuna har ya zama ko ina hira, in bel ya zo gabana yatsuna da kansu suke ninkewa.

Da na buɗe tawa warshar, masu bas su ne abincina. Wata biyu kafin Hajji za su fara turo kujeru, wasu a yage, wasu soson ya mutu ya zama kamar tuwon jiya. Sauran watanni sai 'yan tasi da masu son matasan zaman falo. Kayan aikina ba su da yawa: keke, almakashi babba da ƙarami, wuƙar burodi mai haƙora ta yanka soso, alli, samfefa, bindigar ƙusa. Wuƙar nan da kuke wasa da ita ta girmi biyu daga cikinku.

Shekarar da aka tsananta binciken iƙama, wato takardar zama, ita ce muguwar shekararmu. Layin nan da kuke gani cike da warshoshi, rabinsa a kulle yake. Ma'aikatana biyu suka koma gida. Direbobin da ke kawo mini aiki, wasu an kwashe su, wasu sun ɓuya. Ni takarduna lafiya lau suke, amma takarda ba ta kawo kujera. Sai in buɗe da safe, in share, in ɗiga wa keke mai, in zauna ina kallon titi.

Ina wannan zaman ne wata Talata bayan azahar sai ga mota ta tsaya da wani jan abu ɗaure a samanta, kamar ƙaton takalmin roba. Na ɗauka tankin ruwa ne da aka yanka. Mai motar ya fito, mutum ne da bai kai arba'in ba, sunansa Nasir, injiniyan famfunan ruwa a manyan otal-otal ɗin kusa da Harami. Haihuwar nan ne, kakansa ne ya zo daga Sakkwato, don haka Hausarsa rabi ce, sai ya cike da Larabci. Ammi yake ce mini, wato baffa.

Ya ce, “Ammi, jirgin ruwa ne.”

Na dubi duwatsun da ke bayan layinmu, na dubi kwalta tana turiri. Na ce, “A Makka?”

Ya sauke shi muka shigar. Ya yi mini bayani har sau uku kafin in kama bakin zaren, kuma ko a na ukun rabi na kama. Wai a ƙasar da ya yi karatu ya koyi abin. Mutum ɗaya ke shiga, ya zauna ya miƙe ƙafafu, ya riƙe filafili mai baki biyu, ya bi kogin da ke gangarowa daga dutse yana kumfa. Duk hutun zafi yakan ɗauki jirgin ya tafi Turkiyya. Na tambaye shi ko kifi yake kamawa, ya ce a'a. Fasinja yake ɗauka? A'a. To in ya kai ƙarshen kogin me yake samu? Ya ce sai ya koma sama ya sake gangarowa. Na ce a raina Allah ɗaya gari bamban, wannan kuma wane irin aiki ne.

Matsalarsa ita ce baya. Ƙashin bayansa ya samu matsala, in ya zauna ya miƙe ƙafa minti goma sai ciwo ya hau shi har wuya. Amma in ya durƙusa a kan gwiwa ba ya jin komai. Don haka yake so in cire kujerar jirgin gaba ɗaya, in gina masa abin da zai durƙusa a kai, ya koma tuƙi da filafili mai baki ɗaya kamar masu kwale-kwale. Ya shiga ciki ya gwada mini, ya naɗe ƙafafu ƙarƙashinsa kamar mai zaman tahiya. Ni kuwa da zuciya ɗaya na tambaye shi ko salla yake so ya riƙa yi a ciki, in haka ne ai alƙibla za ta ba shi wahala. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba.

Abu huɗu ya zana mini da alli a ƙasa. Sirdi a tsakiya wanda zai hau kamar na jaki. Gurbi biyu na gwiwa. 'Yan matasai ƙarƙashin idon sawu. Sai bel da zai bi ta kan cinyoyinsa ya manne shi da jirgin, ta yadda in ya juya ƙugu jirgin ya juya tare da shi. Na ce wannan ai wasa ne, ya dawo jibi.

Sirdin farko na sassaƙa shi da soso mafi tsada da nake da shi, irin wanda nake sa wa motocin manya. Na lulluɓe shi da baƙar leda, na bi shi da jan zare, ya yi kyau har ina jin kunyar a zauna masa. Nasir ya zo, ya latsa, ya ce in ba shi bokitin ruwa. Ya yaye ledar ya tsoma sirdin, ya ɗago, ya matse. Ruwa ya yi ta zuba kamar an matse zanin wanki. Ya ce in jirgi ya kife, wannan zai sha ruwa ya yi nauyin tunkiya. Na ce to ka daina kifewa mana. Ya ce ai kifewar tana cikin abin. Wallahi a nan na fara tunanin ko yaron nan lafiyarsa ƙalau.

Soson da ba ya shan ruwa yake so, mai tauri. Na zaga shagunan kayan aiki har Jidda ban samu mai kaurin da ake buƙata ba. Ina dawowa na tsaya gaisawa da wani Bazabarme da ke tara shimfiɗun robar nan da alhazai ke kwana a kai a Muzdalifa su tafi su bari. Na ga tulinsu a bayan ɗakinsa, na yagi gefen ɗaya na jefa a butarsa. Ya tsaya a sama bai sha ko ɗigo ba. Na kwaso dami guda, na wanke, na shanya, na yi ta manna su ɗaya kan ɗaya da gam har suka yi tudu, shuɗi da kore da ruwan ɗorawa. Sannan na sa wuƙa.

Ku da kuke cewa aikin sauƙi ne, sirdin nan sati uku ya ci. In ya yi ƙasa, ƙafafun Nasir su mutu cikin minti biyar, ya fito yana ɗingishi. In na ƙara faifai ɗaya, ya ce ya yi sama, jirgi zai riƙa rawa. Tsakanin ya yi da bai yi ba, kaurin ɗan yatsa ne. Kullum bayan la'asar zai zo ya durƙusa a cikin jirgi a tsakar warsha, ya ɗauki sandar tsintsiyata yana tuƙa iska, ni ina tsugune da alli ina zagaye gwiwarsa. Maƙwabta da ba su da aikin yi suka samu abin kallo. Mai walda na gefe ya riƙa leƙowa yana tambaya ko mun kusa isa Fot Sudan.

Bel ɗin ne ya zo ƙarshe, kuma ku buɗe kunne a nan. A gefe da gefe akwai maɗaurai ƙanana, da su yake sassautawa ya shiga, ya matse. A tsakiya kuma, tsakanin cinyoyinsa, akwai wani maɗauri daban da ya zo da shi daga waje, mai ɗan jan ƙwallo a jiki. Wannan ba a taɓa shi sai ranar tsiya. In jirgi ya kife ya kasa tayar da shi, kansa na ƙasa cikin ruwa, sai ya lalubo ƙwallon ya ja, bakin maɗaurin ya buɗe, bel ya zare gaba ɗaya, ya fito. Ya ce mini jelar da ke bi ta cikinsa a bar ta doguwa, a ƙona bakinta da wuta kawai, kada a ninke. Na ce to. Ya gwada a gabana ya fi sau goma. Duk jan da ya yi, bel ya zare sulu ya faɗi ƙasa, shi yana murna. Shekara talatin ina ɗinki, ban taɓa ganin an yi murna don bel ya zare ba. Ya ce Juma'a in kawo masa jirgin wata istiraha da danginsu suka kama a bayan gari, irin gidan hutun nan mai wurin wanka, a gwada shi a ruwa kafin tafiya.

Ranar Laraba wata dattijuwa ta sauka daga mota a ƙofar warsha, ta yi sallama da Sakkwatanci tsantsa. Hajiya Asabe ce, mahaifiyar Nasir. Na goge mata kujerar bas ta zauna. Ta daɗe tana kallon jirgin. Ta ce jikarta ta nuna mata Nasir a waya, ruwa yana wurgi da shi tsakanin duwatsu kamar gwangwani, tun ranar ba ta ƙara cin abinci da daɗi ba. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta haɗa shi da kawunnansa, bai bari ba. Da za ta tashi ta ce, “Malam Ilu, tunda ya ƙi ji, kai ka ɗaure mini shi da kyau. Kada ruwan nan ya fizge shi daga ciki.”

Maganarta ta zauna mini daram, don ni ma abin da na sani ke nan. An taɓa kawo mini kujerun wata bas da ta ƙwace wa direba ta kife a hanyar Madina. Ban tambayi kowa komai ba, kujerun da kansu suka faɗa mini. Waɗanda bel ɗinsu ke da ƙarfi, wanki kawai suke so. Sauran ba sai na faɗa muku ba. Tun daga ranar na riƙe cewa wanda ya zauna daram a kujerarsa shi ke tsira, wanda aka wurgar shi ke tafiya.

Bayan ta tafi na tsaya kan jirgin ina yi masa gamawa, ina goge gam, ina yanke zare. Ga jelar nan tana reto, doguwa, tsirara. Ban zauna na ce zan saɓa wa Nasir ba, kada ku ɗauka haka. Na ga aiki ne da ba a ƙarasa ba. Na rage tsawonta da almakashi, na ninka sau uku, na bi da zaren nailan kusurwa huɗu, na gicciye, na tura ta ƙarƙashin soso don kada ta dame shi. A zuciyata gyara na yi masa, kamar yadda mai awo ke ƙara maka ɗan hannu bayan mudu ya cika. Gyara kuwa ba a shelarta. Har na ji daɗi.

Juma'a bayan la'asar na kai jirgin. Wurin wankan ba shi da girma, ruwan ya kawo wa mutum ƙirji. Hajiya tana zaune can nesa a inuwa, sauran dangi suna ciki wajen abinci. Nasir ya shiga ta maɗauran gefe, ya matse, ya ja wani zanen roba da ke ƙugunsa ya rufe bakin jirgin ruf. Ya tuƙa ya zaga. Sai kawai ya kife da gangan. Kafin in ce innalillahi ya buga filafili ya taso ta ɗaya gefen, ruwa na zuba daga gemunsa. Ya yi haka sau uku, ya ɗaga mini babban yatsa, ya ce baya shiru, sirdi ya zauna. Ni har na fara hura hanci.

Sannan ya ce saura gwajin fita. Ya jefar da filafilin gefe, ya ja numfashi, ya kife. Kun san me na yi? Gyaɗa kai na yi. Ko kusa hankalina bai kai kan ninkin nan ba.

Na ga ƙasan jirgin a sama yana ɗan motsi. Shiru. Sai hannaye biyu suka fito ta gefe suna dukan jikin jirgin, bam, bam, bam. Wallahi tallahi na ɗauka tafi yake wa aikina. Ina tsaye ina murmushi kamar wawa. Daga baya na ji ashe haka masu wannan wasa suke neman agaji. Muryar Hajiya ce ta farkar da ni, ta kira sunansa da wata irin murya da ba na fatan in sake ji.

Ni ban iya ruwa ba, ko kududdufi ban taɓa shiga ba. Da jallabiyata da takalmina na faɗa. Na sha ruwa, na miƙe, na kama hannunsa ɗaya na ja da duk ƙarfina. Kansa ya fito a karkace, ya ja iska da ƙara, ya koma. Na rungumo jirgin ta can gefen na kwanta da baya, sai ga shi ya juyo. Idonsa ja wur, yana tari, ƙwallon nan yana cikin hannunsa. Ya ja shi tun tuni. Maɗaurin ya buɗe, bel ya tafi ɗan taƙi, ninkina ya zo ya toshe bakin ƙarfen ya tsaya cak. Ɗinki ne mai kyau, ko zare ɗaya bai motsa ba.

Da numfashinsa ya dawo ya sunkuya ya zaro jelar, ya juya ta a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ammi, wa ya ce ka ninke?”

Na ce, “Gyara ce.”

Ya dube ni, ya dubi mahaifiyarsa da ke tsaye bakin ruwa ba takalmi, ya saki jelar. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. A wurin wanka ne, ruwa iya ƙirji, da mutum tsaye a kansa. Da a kogin can ne fa? Na ɗora jirgin a mota na dawo da shi, jallabiya na ɗiga, ko abincin ban tsaya ci ba.

Washegari ina buɗe warsha sai ga Hajiya Asabe ita kaɗai da direba. Na sha jinin jikina, na ce yau zan ji abin da ban taɓa ji ba. Ta zauna a kujerar bas ɗin nan. Ta ce, “Ni na ce ka ɗaure, kai kuma ka ɗaure. Yanzu yanko sabo ina kallo.”

Na yanko sabon bel, na bar jelar doguwa. Na kunna ashana na ƙona bakin. Ina riƙe da shi yatsuna suna ƙaiƙayin ninkewa, sai da na danne su a kan tebur. Na zura shi a maɗaurin na rufe. Ta ce in matso mata da jirgin. Ta sa hannunta, hannun tsohuwa mai ciwon gaɓɓai, ta ja ƙwallon. Bel ya tafi, ya ɗan sarƙe a ƙarshe inda wuta ta yi masa gudaji, sannan ya fita. Ni a ganina ya yi. Ta ce bai yi ba. Na sa samfefa na goge gudajin har bakin ya yi sumul, na sake zurawa.

Wannan karon sai ta rufe ido. Ta ja numfashi ta riƙe, kumatunta suka kumbura, ta miƙa hannu tana lalube a cikin jirgin har ta samu ƙwallon. Ta ja. Bel ya zare ya faɗi ƙasa. Ta saki numfashin, ta ce in sake zurawa. Na zura, ta rufe ido, ta riƙe numfashi, ta ja. Sau bakwai muka yi haka. A na bakwai ta goge fuskarta da bakin mayafi, ta dafa kujera ta miƙe, ta ce wa direban ya zo mu ɗora wa Nasir jirginsa a mota.